Shuɗɗan mutane da ƙurar Arlit: gardamar fim ɗin Avatar

Na san akwai mai cewa a ransa: ana fama da tsadar hatsi da ɗauke kuran, shi kuma wannan ya tara mu zai yi mana hirar fim. Ku ɗan ba ni lokaci, maganar za ta iso gida da ƙafarta.

Duk fadar da aka taɓa kallon fim ɗin Avatar, kafin a sauke shayi na biyu an rabu gida biyu. Masu cewa wallahi ba a taɓa siddabaru irin wannan ba, dubi duwatsu na yawo a sama, dubi daji yana haske da dare kamar an kunna masa fitila. Sai masu taɓe baki su ce hoto ne kawai, labarin na sata ne. Ba a Maraɗi aka fara wannan gardama ba. Tun fitowar fim ɗin a watan Disamban 2009 ake yin ta a Amurka da Turai. Har wani ya ɗauko taƙaitaccen labarin Pocahontas, fim ɗin zane na kamfanin Disney na 1995, ya soke sunayen da biro, ya rubuta na Avatar a samansu, labarin ya zauna daram. Wasu suka ce ai Dances with Wolves ne na 1990 aka shafa wa shuni: sojan da aka tura wajen ƴan asalin ƙasa, ya zauna da su, ya so ƴarsu, ya juya wa mutanensa baya. Duk da wannan suka, kuɗin da fim ɗin ya tara sun kai dala miliyar 2 da miliyon 900. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa ba. In ka juya su, wajen rabin kasafin kuɗin ƙasarmu ne na shekara guda. Masu zagi da masu yabo duk sun sayi tikiti.

Bari in fara da ba masu yabon hoto haƙƙinsu, don akwai kalmar da ba na so: “ai kwamfuta ce ta yi.” Kwamfuta ba ta san baƙin ciki ba balle ta zana shi a fuska. Yarinyar nan Neytiri da kuke gani tana kuka, Zoe Saldaña ce ta yi kukan. An ɗiɗɗiga mata tabo a fuska, an ɗaura mata hula mai ƴar ƙaramar kyamara tana kallon ta, duk motsin leɓe da na gira na'ura na ɗauka, sannan ɗaruruwan ma'aikata a kamfanin Weta na birnin Wellington, ƙasar Niyu Zilan, suka zauna wata da watanni suna mayar da wannan motsi kan shuɗiyar fuska. A kashi na biyu, wanda ya fito a 2022, cikin wani ƙaton tanki aka ɗauki wasan ruwan, har Kate Winslet ta riƙe numfashi fiye da minti 7. Wannan gumi ne. Mu da muke kare haƙƙin ma'aikaci ba mu ne za mu raina shi ba.

Amma ku lura da yadda mu muka kalle shi. James Cameron ya shirya fim ɗinsa ne don ƙaton allo da tabarau na musamman, wanda in ka sa sai ka ga kamar ganye zai taɓa maka hanci. Mu kuwa yawancinmu a salula muka gani, an turo mana shi a mimori, mutum huɗu sun haɗa kai kan gilashin da bai kai tafin hannu ba, wani lokaci ma da muryar mai fassara yana ta zuba barkwancinsa a kai. Rabin siddabarun ya zube a hanya kafin ya iso gare mu. Ni a ganina wannan talauci ya yi mana rana guda: abin da ya rage a hannunmu shi ne labarin tsirara, don haka mun fi mai tabarau damar duba shi da kyau.

To, masu cewa labarin tsoho ne, gaskiyarku, tsoho ne. Sai me? Wa ya taɓa tashi daga gaban kakarsa don ta sake kawo Gizo da Ƙoƙi? Mun san Gizo zai yi haɗama, mun san asirinsa zai tonu, amma muna zaune. Labarin Avatar kuwa: kamfani ya gano wani ma'adini mai tsada a ƙarƙashin mazaunin wasu mutane, ya fara da lallashi, ya gina musu makaranta, da suka ƙi tashi ya kawo sojojin haya ya kayar da babbar bishiyar da suke zaune a cikinta. In wannan labari ya tsufa, ai don abin ya daɗe yana faruwa ne. Shi ya sa a watan Fabrairun 2010 masu zanga-zanga a ƙauyen Bil'in na Falasɗinu suka shafa shuɗin fenti a jiki suka tunkari shingen da ya raba su da gonakinsu. A cikin watan nan dai ƙungiyar Survival International ta sayi fili a mujallar Variety ta ƴan fim ɗin Amurka, tana roƙon Cameron ya dubi al'ummar Dongria Kondh ta jihar Odisha a Indiya, waɗanda kamfanin Vedanta ke son haƙar ma'adinin sanholo a dutsensu mai tsarki, Niyamgiri. Su ba su tsaya tambayar ko labarin sabo ne ba. Sun ga kansu a ciki.

Abin da ke damuna cikin aron da Avatar ya yi guda ne, kuma a fada ba a cika kawo shi ba. Wa ya ceci mutanen? Jake Sully, tsohon sojan Amurka da kamfanin ya turo leƙen asiri. Cikin wata 3 ya koyi harshensu, ya koyi farautarsu, ya samu ƴar sarki, ya hau ƙaton tsuntsun da jarumawansu ba su iya hawa ba, sannan ya tara ƙabilu ya ja su yaƙi. Mutanen da aka haifa a dajin, kakanninsu a nan suke binne, sai suka koma masu bin baƙon da ya zo shekaranjiya. Wannan kashi na labarin shi ne aka kwaso daga tsofaffin finafinai ba a ko kaɗe masa ƙura ba. Kuma a nan siddabarun ke yin aikinsa na biyu. Lokacin da Jake ya sauko bisa jan tsuntsun nan, kiɗa ya tashi, jama'a suka dare, tsikar jikinka na tashi, bakinka a buɗe, ba ka da sararin tambayar me ya sa ba ɗan garin ne a kai ba. Ni ma tawa ta tashi. An shirya wurin ne don ta tashi.

Ku duba yadda ta kaya a zahiri. A 2010 Cameron da kansa ya je Barazil, ya zauna da ƴan asalin yankin kogin Shingu masu adawa da madatsar ruwa ta Belo Monte, ƴan jarida suka yi ta ɗauka. An gina madatsar, ta fara ba da wuta a 2016. A Indiya kuwa, a watan Afrilun 2013 kotun ƙoli ta ce majalisun ƙauyukan da abin ya shafa su za su yanke. Aka zauna ƙauye 12, ɗaya bayan ɗaya, cikin damina, duka 12 suka ce ba su yarda ba. Aikin haƙar ya tsaya. Ba na cewa zuwan Cameron ne ya kayar da mutanen Shingu, ƙarfin da ke bayan madatsar ya fi ƙarfin mai fim. Kuma su Dongria Kondh ma sun samu lauyoyi da ƙungiyoyin waje da suka tsaya musu. Amma ranar da aka zo yanke magana, tsofaffin mata ne suka miƙe a gaban alƙalin da aka turo shaida suka faɗi ra'ayinsu da harshensu. Wannan zama ba zai yi kyau a allo ba. Babu tsuntsu, babu wuta, sai tabarma da rajista da dangwala yatsa.

Mu ma muna da namu tsohon labarin. A watan Afrilun 1899 rundunar Voulet da Chanoine, wadda daga baya ta ƙone Birnin Ƙonni, ta auka wa Lugu a ƙasar Arewa, Sarauniya Mangu da mutanenta suka tare ta. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kai, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, ya ci babbar kyautar Fespaco a Wagadugu a 1987. Ƙashin labarin ɗaya ne da na Avatar: baƙi masu bindiga, mutane masu kurmi da abin bautarsu, da ƙin miƙa wuya. Sai dai wadda ke gaba ƴar garin ce, ba ta jira wani daga cikin rundunar ya tuba ya zo ya koya mata yaƙi ba. In na tambayi wannan zaure wa ya kalli Sarraounia, na san hannuwan ba za su kai na Avatar ba.

Akwai abu na ƙarshe da kyan hoto ke yi mana, shi ya fi tsaya mini a rai. Me ya sa muka ji zafin faɗuwar bishiyar nan? Don an shafe fiye da awa guda ana nuna mana dajin yana walƙiya, mutanen dogaye, sirara, idanu manya, babu mai tari, babu mai bashi, babu wanda ya karɓi kuɗin kamfani ya sayar da ɗan uwansa. An ƙawata su har sun cancanci tausayi. Idon da ya saba da haka, in ka kai shi wurin da abin ke faruwa da gaske, sai ya ga babu abin kallo. A watan Nuwamban 2009, wata guda kafin fitowar Avatar, ma'aikatan Greenpeace sun je Arlit da Akokan da na'urorin awo. Rahotonsu na 2010 ya ce a wasu titunan Akokan sun samu tururin yuraniyom da ya ninka na ƙa'ida har kusan sau 500, kuma ruwa 4 cikin 5 da suka ɗiba ya wuce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Wannan guba ba ta da launi. Ba ta haske da dare. Tun 1971 ake haƙa a Arlit, ma'adinin Cominak na Akokan ya rufe a ƙarshen watan Maris na 2021 ya bar tulin dusa mai guba, miliyoyin tan, iska na bi ta kansa ta shigo gari. Kuma mutanen wurin ba shuɗɗa ba ne, ƴan uwanmu ne daga Tawa da Damagaram da nan Maraɗi da suka tafi neman abinci, da yawansu albashin kamfanin ne ya aurar da su ya gina musu gida, don haka labarinsu ba shi da tsabtar na fim.

Ƴar ƙasarmu Amina Weira, wadda mahaifinta ya yi aiki a ma'adinin, ta ɗauki kyamara ta koma garin, ta fitar da La Colère dans le vent a 2016. Bai kai awa guda ba. Tsofaffin ma'aikata ne zaune suna hira, da guguwar ƙura tana rufe gari, da tukwanen da ake ƙerawa da ƙarafan da suka fito daga ma'adinin. Ta fuskanci matsalar da Cameron bai taɓa fuskanta ba duk da kuɗinsa: yadda za ka nuna wa mutum abin da ido ba ya gani, ba tare da ka yi masa kwalliyar ƙarya ba.

Na roƙi masu shirya wannan zama su nemi izinin haska shi a zama na gaba. Shawarata a fara da minti goman faɗuwar bishiyar Avatar, sannan a sa na Amina gaba ɗayansa, a bar salula cikin aljihu. Wanda ke da ɗan uwa da ya yi aiki a Arlit ya gayyato shi, a ba shi kujerar gaba. Yanzu kuma na ga hannuwa tun ɗazu a can baya, ƴar uwa mai jan mayafi, bismilla.