Man Kumbo: Neman Wanda Ba Ya Kisa



An nemi in yi magana kan kimiyya, sai na zaɓi man da ke tuƙa kumbo da tauraron ɗan Adam. Fiye da shekara 50 ke nan ana dogaro da wani sinadari mai suna haidirazin. Dalili kuwa, yana daɗewa a tanki bai lalace ba, kuma ba ya bukatar a kunna masa wuta. Da zarar ya ratsa ta kan ƙarfen iridiyam sai ya tarwatse ya zama iska mai zafi, ta tura tauraron.

To, amma guba ne. Yana ƙona fata, yana lalata hanta da huhu. Masu ɗura shi sai sun shiga rigar kariya tun daga kai har ƙafa. A 2011 Tarayyar Turai ta sa shi cikin jerin sinadarai masu matuƙar haɗari. A 2013 rokar Proton ta Rasha ta faɗo a Baikonur, ƙasar Kazakistan, ɗauke da ɗaruruwan tan na mai, ciki har da dangin haidirazin. Kada mu ce abin bai shafe mu ba: rokar ƙasar Sin da ta ɗaga tauraronmu NigComSat-1R a 2011 da irin wannan man ta tashi.

Masana ba su zauna ba. Ƙasar Swidin ta haɗa wani mai, LMP-103S, ta gwada shi a tauraron PRISMA a 2010. Hukumar NASA ta Amurka ta harba nata gwajin a 2019 da AF-M315E, wanda idan an cika tanki ɗaya da shi, aikinsa ya fi na haidirazin da kusan rabi. Ana ɗura su ba tare da waccan rigar ba.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Sababbin man sun fi zafi idan suna ci, don haka injinsu na bukatar ƙarafa masu tsada, kuma sai an ɗumama shi kafin ya tashi. Shi ya sa har yau haidirazin bai sauka daga kujera ba.

Ƙannena, wannan aikin bai ƙare ba, kuma masana sinadarai yake jira. Ku riƙe darasin kemistiri da kyau.