'Yar Tsana Mai Tsada Ko Ta Bakin Titi?

 Masu sauraro, yau a filin lafiyar iyali maganar 'yar tsana za mu yi. Kada wani ya ce ai wasan yara ne. Abin da yarinya za ta goya, ta kwana da shi, ƙaninta ya ɗauka ya kai baki, ai ya shiga lissafin lafiya.

Iyaye kan tsaya gaban mai kaya suna wasiwasi: a daure a sayi Barbie ta asali, ko a ɗauki ta roba mai araha? An ce araha ba ta ado, to amma tsada ma ba shaidar lafiya ba ce. Kamfanin Mattel na Amurka, wanda ya fito da Barbie a 1959, shi da kansa ya janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwa a 2007, wasu saboda gubar dalma a fentinsu, wasu saboda ɗan mayen ƙarfen da ke ɓallewa yara su haɗiye. Sai dai a lura, janyewa ya yi, domin ana sa masa ido. Wadda ba sunan kamfani a kwalinta, ba adireshi, ba a ma rubuta shekarun yaron da ta dace da shi ba, idan ta cutar da ɗiyarki, wa za ki tuhuma? Gubar dalma kuwa mun san ta. Ita ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Waccan daga haƙar zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ko 'yar kaɗan tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro.

Don haka uwa, kafin ki biya, ki gwada da hannunki. Ja idon, ja gashin, murɗa hannu da ƙafa. Duk abin da ya cire a hannunki zai cire a bakin yaro, kuma ɗan ƙasa da shekara 3 ɗan takalmin 'yar tsana ma ya isa ya shaƙe shi. Nan ne mai tsadar ba ta da amfani ga ƙarami, don Barbie da tarkacenta ba a yi su domin 'yan ƙasa da shekara 3 ba, kuma an rubuta hakan a kwalin. Kankare fentin da farce. In ya tashi, ajiye musu kayansu. Shinshina, in warin roba ya bugi hancinki, wuce gaba.

Mai kuka da mai waƙa sun fi ba ni tsoro, saboda ɗan batirin nan mai faɗi kamar maɓalli. Idan ya maƙale a hanyar abincin yaro, cikin awa 2 yana iya ƙona ta. A tabbata murfin batirin da ƙusa aka ɗaure shi. In har ana zaton yaro ya haɗiye, kada a sa shi amai, kada a jira gobe, a garzaya asibiti.

Maigida, ka kuma yi hattara da jabu, mai sunan babban kamfani a kwali, a karɓi kuɗin asali a ba ka tarkace. Ta gwanjo kuwa a wanke ta da sabulu a shanya a rana.

Ni dai in don ƙaramar yarinya ce, ta tsumma na fi so, wadda za a ɗinka a gida da ragowar atamfa, a yi mata ido da zare maimakon maɓalli. Tana wankuwa, ba ta fashewa, kuma goyon da za a yi mata duk ɗaya ne. Kuɗin mai tsadar a ƙara a cefane.

Da an kashe rediyo, a tattaro kayan wasan da ke gida a duba su ɗaya bayan ɗaya. Allah ya raya mana zuri'a.