Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasin Na'urar Zaɓe



Abin da za mu tattauna a yau shi ne yadda akan shigo da sabuwar dabara cikin aikin manhajar kwamfuta ba tare da an jefa jama'a cikin hatsari ba. Ba sai mun tafi Amurka ko Ingila neman misali ba. Mu da muka fito daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, akwai manhajar da ta iske iyayenmu har ƙofar gida, watau ta na'urar zaɓe.

A shekarar 2015 ne Hukumar Zaɓe, a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, tsohon shugaban Jami'ar Bayero, ta kawo na'urar tantance katin zaɓe. Kafin ranar zaɓe sai da ta gwada ta a jihohi 12, har da Kano. Gwajin ya nuna na'urar tana karanta kati sosai, amma wajen zanen yatsa kimanin mutum 59 kaɗai cikin 100 ta iya ganewa. Wanda ya san hannun manomi, da yadda fartanya da lauje ke cinye shi, ba zai yi mamaki ba. Saboda haka aka tanadi takardar da za a cike wa wanda katinsa na gaskiya ne amma yatsa ya ƙi. Ran 28 ga Maris, da na'urar ta ƙi karɓar Shugaba Goodluck Jonathan kansa a Otuoke, wannan takarda ce ta fisshe shi. Gwaji ya tona aibi tun da wuri, an kuwa yi masa tanadi.

Amma fa takardar nan ƙofa ce da mai maguɗi zai iya bi. Don haka aka ƙirƙiro BVAS, wadda aka fara aiki da ita a 2021. In yatsa ya ƙi, sai ta duba fuska. Har wa yau, tantance mai zaɓe ba ya bukatar intanet, domin sunayen 'yan rumfa suna cikin na'urar. Lalle wannan tsari ne na wanda ya tuna da ƙauyukan bayan dajin Falgore da duwatsun Riruwai, ba mutanen birni kaɗai ba.

To, ina aka sami tangarɗa? Aikin BVAS na biyu shi ne ɗaukar hoton takardar sakamako ta aika shafin IReV, inda kowa zai gani. An fara amfani da shafin a wani zaɓen cike gurbi a Jihar Nasarawa a 2020, ya kuma yi aiki a zaɓen gwamnan Anambra da Ekiti da Osun. Sai ga shi ran 25 ga Fabrairu, 2023, sakamakon 'yan majalisa yana hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi. Bisa rahoton da Hukumar ta fitar a 2024, an gina manhajar ne ta riƙa ajiye kowane sakamako a ƙarƙashin jiharsa. Mazaɓar Kiru da Bebeji, alal misali, tana cikin Kano, ta Tudun Wada da Doguwa ma haka. Zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ba ne, ƙasar duka mazaɓa ɗaya ce, sai manhajar ta rasa inda za ta sa shi. Sai wajen ƙarfe tara na dare sakamakon farko ya hau.

Ku duba, jama'a. Duk zaɓuɓɓukan da shafin ya ci nasara a kansu iri ɗaya ne, kowanne a cikin jiha guda. Wanda ya bambanta da su shi ne kuma ya fi su nauyi, kuma a kansa aka yi tuntuɓe. An gyara kuskuren a daren, amma amincewar jama'a ba ta gyaruwa a dare ɗaya, maganar kuwa sai da ta kai Kotun Ƙoli.

Daga nan muna iya tsintar ka'idoji uku. Na farko, yawan gwaji ba shi ne kyawun gwaji ba. Mai tsara manhaja ya zauna ya tambayi kansa, wane hali ne bai taɓa faruwa ba, wanda in ya faru ɓarnarsa ta fi yawa? Da shi za a fara. Na biyu, kowace sabuwar dabara ta zo da mafita. Mu mutanen Bebeji mun san wannan, domin madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agusta na 1988 bayan ruwan sama mai yawa, ta ci gidaje da gonaki. Injiniyan kirki ba don ruwan kowace damina yake gini ba, don na shekarar da ta fi kowace yake yi. Na uku, in abu ya lalace, a faɗa wa mutane gaskiya nan take, da harshen da suke ji, domin inda hukuma ta yi shiru, jita-jita ce ke magana.

Ba muna cewa a guji sabon abu ba ne. Wanda ya ƙi na'ura don tsoron kuskure ya zaɓi tsohuwar ɓarna ke nan. Amma gobe waɗansunmu ne za su rubuta manhajar albashi da ta asibiti da ta rabon taki, waɗansu kuma su ne za su sa hannu a karɓe ta daga ɗan kwangila. Kafin mu sa hannun nan, mu nemi a gwada ta a gabanmu, a ƙauye mafi nisa, da yatsan da ya fi kowanne kanta, a kan halin da aka ce ba zai taɓa faruwa ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.