MAHAIFINKA BA SHI DA HALI, TO SAI KA ZAUNA?

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa ya gabatar ga matasan Jega, Aliero da Maiyama. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzo (SAWA), 'yan'uwa, maganarmu ta yau a kan matashin da ya gama sakandare, ya ci jarabawa, amma mahaifinsa ba shi da abin biya masa makaranta ta gaba. Da yawanmu a nan haka muke. To sai a zauna a majalisa ana jiran ɗan siyasa? A'a.

Abu na farko, makaranta ta zo mana har gida. Tun 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, ga kuma kwalejin koyon aikin lafiya a Jega. Wanda ke kwana a gidansu ko gidan ɗan'uwa ya huta da kuɗin ɗaki, ya kuma rage na abinci. Kada son a ce kana karatu a nesa ya sa ka ɗauko abin da ya fi ƙarfinka.

Na biyu, albasa. Duk Nijeriya an san Aliero da ita, har Kudu ake lodinta. Kun san yadda abin yake. Lokacin da aka cire ta rani kasuwa kan cika, farashi ya faɗi. Bayan wasu watanni, in ta yi ƙaranci, sai buhu ya tashi. Saboda haka matashi ya nemi aron ɗan fili a fadama, ko ya yi ƙwadago, shuka, ban ruwa, cira, ɗinkin buhu, lodi, ya mai da ladansa albasa ya adana. Amma a kula, albasa tana ruɓewa in ba ta samu iska ba. Ku zauna da dattawan manoma ku koyi ajiya kafin ku zuba guminku. Kuma a fara tun shekara guda kafin a nemi gurbin karatu, ba sai sunanka ya fito ka fara zagaye gidajen mutane ba. Imam Abu Hanifa ɗan kasuwar tufafi ne, hakan bai rage masa ilimi ba.

Na uku, lamunin ɗalibai. A 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun NELFUND don ɗaliban makarantun gwamnati. Ba ruwa a cikinsa, kuɗin makaranta kuma kai tsaye ake tura wa makarantar. Dokar ta ce za a fara biya shekara 2 bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Sai dai 'yan'uwa, bashi ne, ba kyauta ba. Wanda ya karɓa ya karɓa da niyyar biya, don bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma mumini ba ya wasa da shi. Haka kuma a riƙa bibiyar sanarwar hukumar tallafin karatu ta Jihar Kebbi.

Daga ƙarshe, kada wanda ya raina mahaifinsa don ya kasa. Ya ciyar da kai har ka kawo nan. Ku haɗu biyar-biyar ko goma-goma ku yi adashi, a fara ba wanda rajistarsa ta fi matsowa. Kafin Juma'a mai zuwa kowa ya rubuta nawa yake bukata a shekara, da inda zai samo shi.

Allah Ya yi mana jagora. Wassalamu alaikum.