Riƙo da Santsi a Aikin Ƙarfe



Ni malamin harshe ne, don haka da kalma zan fara. Mun saba jin "gogayya" a tsakanin kishiyoyi ko 'yan kasuwa, amma masana kimiyya sun are ta don ƙarfin nan da ke hana abu zamewa a kan wani. A ganina aron ya dace.

Maƙerin ƙauye, a Tabanni ko wani gari na ƙasar Birnin Gwari, da awartaki yake riƙe ƙarfe a kan uwar maƙera. In ƙarfen zai kuɓuce, hannunsa ne ke fara ji, sai ya ƙara damƙa. Mai injin sassaƙar ƙarfe a Panteka ta Kaduna ba ya da wannan gatan. Ya ɗaure ƙarfe a bakin inji, ya kunna, shi ke nan. In ɗaurin bai kai ba, ƙarfen ya goce ya ɓata aiki, ko ya yi tsalle ya sami mutum a ido.

Wani Bafaranshe, Amontons, ya bayyana ƙa'idar a 1699: gogayya tana ƙaruwa daidai da ƙarfin matsi, kuma faɗin wurin da abubuwan biyu suka haɗu bai dame ta ba. Alal misali, a ce kowane muƙamuƙin abin matsewa yana riƙo da kashi ɗaya cikin biyar na matsin. Muƙamuƙai biyu, biyu cikin biyar ke nan. In wuƙar inji tana tura ƙarfen da ƙarfin kilo 100, sai an matse da kilo 250 kafin ya tsaya, kuma mai hankali zai ƙara a kai. To, bari mai ya zuba a wurin, riƙon ya koma ɗaya cikin goma: yanzu sai kilo 500. Watau tsumman goge mai ya rage rabin aikin.

Wani zai ce, a matse iya ƙarfi mana. A nan ne yaran shago suke yin asara. Zobe marar kauri in aka datse shi a baki mai haƙora uku, lanƙwashewa yake yi. A sassaƙe cikinsa ya fito da'ira sosai, amma da an sake shi sai ya miƙe, ramin ya koma mai kusurwa uku-uku, ba ya shiga inda aka nufa. Saboda haka ne gwanaye kan sa wa ƙarfe tokari ta inda wuƙa ke tura shi, matsi kuwa a yi shi daidai gwargwado.