Wayar Malami da Masu Bin Sawunta: Jawabi a Taron Malaman Gaya da Ajingi



An ɗora mini nauyin yin magana a kan wayar da ke aljihun kowannenmu, da yadda take ba da labarin inda muke ko bayan mun rufe manhajar da muka yi amfani da ita. Yawancinmu mun ɗauka da zarar manhaja ta ɓace daga fuskar waya, to ta yi barci. Alhali izinin da aka ba ta ranar da aka sauke ta shi ke da hukunci. In an yarje mata sanin wuri a kowane lokaci, za ta ci gaba da aiki a ɓoye, tana tattara bayani daga GPS da turakun sadarwa da na'urorin Wi-Fi na kusa. Malamin da ke tasowa daga Gaya kowace safiya zuwa makarantarsa a Toranke, cikin mako guda wayarsa ta fallasa gidansa, da hanyarsa, da sa'o'in da ba ya gida.

Akwai shaida a kan haka. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya gano cewa Google na adana wuraren da mutane suka je ko da sun kashe maɓallin tarihin wuri. A 2022 Google ya amince ya biya jihohi 40 na Amurka dala miliyan 391.5 don kashe wannan magana. A 2020 kuma wani rahoto ya nuna cewa bayanan wurin masu amfani da Muslim Pro, manhajar lokutan salla, suna isa hannun dillalin bayanai X-Mode, mai hulɗa da 'yan kwangilar sojin Amurka. Masu manhajar sun musanta sayar wa soji, suka kuma raba gari da dillalin.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne manhajojin bashi, waɗanda malami kan faɗa wa idan wata ya yi nisa. Tun Mayun 2023 Google ya hana irinsu da ke Play Store neman lambobin abokan mutum, da hotunansa, da takamaiman wurinsa. Wadda aka turo maka ta WhatsApp kuwa, wannan ƙa'idar ta Play Store ba ta hau kanta ba.

Doka tana tare da mu. Dokar kare bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ba mutum ikon janye izininsa da kai ƙara. Ta shardanta amincewar iyaye ko waliyyi a kan bayanan yara. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin hoton ɗalibai da aka ɗauka a aji kan iya ɗauke da bayanin wurin makarantar.

Saboda haka kafin mu watse, kowa ya buɗe saitunan wayarsa, ya shiga sashen wuri, ya duba manhajojin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ke buƙata, a bar mata izinin lokacin amfani kawai. Wadda ba ruwanta da wuri, kamar tocila, a hana ta. Manhajar salla a rubuta mata sunan gari da hannu. Kamfanin layi zai ci gaba da sanin yankin da waya take, amma sauran ƙofofin muna da ikon rufe su, kuma rigakafi ya fi magani.

Allah Ya tsare mu da ɗalibanmu. Wassalamu alaikum.