Motar Da Na Harhaɗa Da Hannuna

Jawabin da wani ɗan ajin 1984 ya gabatar a wurin taron shekara-shekara na ƙungiyarmu a Yelwa.



Mai girma shugaban taro, shugaban makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa, tare da fatan kowa ya baro gida lafiya.

Da sakatarenmu ya aiko mini da takarda cewa ni ne zan yi jawabi bana, sai na tambaye shi ko ya yi ɓatan kai ne, domin kuwa a cikinmu akwai likitoci da alƙalai da manyan sakatarori, ni kuwa tsohon akawu ne da ya yi ritaya. Ya ce ba don aikina aka zaɓe ni ba, sai don abin nan da nake yawo da shi cikin gari, wanda yara ke bi a guje suna kiransa kwaɗo. To, kwaɗon yana nan waje a gindin darbejiya, kuma a kansa zan yi magana, domin ta dalilinsa nake da wani roƙo a wurinku.

Bari in fara da asalin abin. A Ingila, cikin 1957, wani injiniya mai suna Colin Chapman ya fito da wata 'yar mota mai kujera biyu da ake kira Lotus Seven. Ba ta da ƙofa, ba ta da rufin kirki, nauyinta bai wuce wajen kilo 500 ba. A wancan zamani idan aka sayar da mota a warwatse ba a ɗora mata harajin saye, saboda haka sai kamfanin ya riƙa sayar da ita gunduwa-gunduwa, mutum ya kai gida ya ɗaura da kansa. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi ikon ci gaba da ƙera ta. Daga baya, a 1996, wani Bature mai suna Ron Champion ya wallafa littafi yana koya wa mutane yadda za su yi irinta da bututun ƙarfe da kayan tsohuwar Ford Escort. Hikimar dai guda ce: maimakon ka nemi babban inji, sai ka rage wa ƙaramin inji kaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa ya ga yadda inji ɗaya ke tura jirgi wayam, da yadda yake nishi idan an loda albasa da shinkafa, ai ba sai an yi masa bayani ba.

Da farko irin wannan na so yi, amma da na lura cikinta bai fi taƙi guda daga ƙasa ba, sai na tuna hanyoyinmu da damina, na haƙura. Na koma ga dabarar wani Ba'amurke, Bruce Meyers, wanda tun 1964 ya fara yin ƙananan motocin hawa rairayi da kayan Volkswagen Bitil, wato kunkuru. Ita kuwa kunkuru ba baƙuwarmu ba ce. Daga 1975 aka riƙa harhaɗa ta a Ikko, kuma da yawa daga cikin malamanmu ita ce motarsu ta farko. An daina ƙera ta ɗungurungum a 2003 a ƙasar Meziko, bayan an yi fiye da miliyan 21, don haka kayanta ba su ɓace ba, wanda ya leƙa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ba zai dawo hannu rabbana ba.

Tawa na same ta a 2016 a bayan wani gareji a Kwantagora, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Kyawun kunkuru shi ne bodinta da notuna aka ɗaure shi a kan shasi. Idan ka kwance su, ƙarti shida za su ɗage shi, a bar maka faranti mai ɗauke da inji da giya da tayu huɗu. A tsakiyar farantin nan akwai wani tudu mai kama da ƙashin baya, ta cikinsa bututun fetur da wayar kuloci da ta totur da sandar giya suka bi. Kafin ka biya kuɗi, wannan tudun za ka duba. Tsatsar daɓe ana facinta, amma in ƙashin bayan ya ruɓe, bar musu kayansu ko da kyauta suka ba ka. A kansa ne kuma aka buga lambar shasi, ƙarƙashin kujerar baya. Kada mai walda ya kuskura ya taɓa wurin, domin da lambar nan za ka tunkari jami'an duba mota da masu inshora.

Masu bin tsarin Meyers sukan yanke kimanin santimita 36 daga tsawon farantin, su sake haɗewa. Ni ma na yi, kuma a nan ne na tuna da Malam, malaminmu na aikin ƙarfe, wanda ga shi nan zaune a gaba, Allah ya ƙara masa lafiya. 'Yan ajinmu za su tuna yadda ya sa muka cinye zango guda muna gugar guntun ƙarfe da magagari don kusurwoyinsa su daidaita, ka kai masa ya ɗora ma'auni ya ce koma. Malam, a lokacin na ɗauka mugunta ce, yau ina neman gafara a gaban jama'a. Idan ka yanke shasi ka haɗe shi a karkace ko da rabin santimita ne, motar za ta riƙa tafiya kamar ƙaguwa tana cin taya har ranar da za ka gaji da ita. Saboda haka a ɗora shi a kan daɓe mai daidai, a auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, a auna ɗaya ɓangaren, sai awon biyu ya zo ɗaya kana a ɗiga walda nan da can, a sake aunawa, sa'an nan a yi mai gaba ɗaya. Ni kwana uku na yi ina awo, waldar kuwa yini guda ta ci.

Da zarar an ɗage bodi, ƙarfin da yake bai wa farantin ya tafi, kuma babu abin da zai kare kanka in motar ta kife. Tilas ne a yi keji na bututu wanda zai riƙe sitiyari da tanki da bel ɗin kujera, ya kuma haye saman kan direba. A nan ne araha ke kashe mutum. Kada a yi shi da bututun famfo, ko siririn ƙarfen nan da ake ƙofa da gado da shi. A nemi bututu mai kauri marar ɗinki, a kuma nemi mai waldar da aka san aikinsa, ba yaronsa ba. Kayan sitiyari kuwa ba a yi musu walda sam, in abu ya lanƙwashe a sake wani.

Wajen bodi ban sha wahala ba. Turawa sukan sayi nasu a shirye, ni kuwa gangarawa na yi bakin ruwa wurin wani dattijo maƙerin jirgi. Ya zagaya farantin sau biyu, ya fitar mini da haƙarƙari na katako kamar zai yi ƙaramin kwalekwale, mai gyaran bodi ya bi siffar da kwanon alminiyon. Da aka gama na ari sikelin wani mai sayen shinkafa, muka riƙa ɗora taya ɗaya-ɗaya, sauran ukun a kan katako don motar ta zauna daidai. Jimla ta ba ni kilo 610, alhali kunkuru da bodinta tana kai wajen 800.

To, jama'a, daga nan ne giyar rage nauyi ta ɗebe ni. Kullum da yamma sai in zagaya motar da sifana ina neman abin cirewa. Na cire bamba, na cire murfin wili, duk babu laifi. Rannan sai idona ya kai kan wasu baƙaƙen kwanoni da suka lulluɓe injin, na ce waɗannan kuma fa? Inji mai shan iska ai gara a buɗe shi ya sha da kyau. Na kwance na ƙasa da na gefe, na ɗora a sikeli, ko kilo uku ba su cika ba.

Ashe injin kunkuru ba iskar hanya yake sha ba. Ba shi da lagireto, fanka ce a cikin wani gida take hura iska, kwanonin nan kuma su ne ke tilasta wa iskar ta ratsa tsakanin zara-zaran silinda kafin ta fita. Ka cire su, iskar ta bi inda ta ga sauƙi, silinda ta zauna tana gasuwa. Cikin watan Afrilu na 2018, da zafin nan namu da ya kan haura awo 40, na ɗauki ƙaramin ɗana muka nufi Koko. Muna cikin ƙasar Shanga sai na ji wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, injin ya ɗauke. Kan bawul ɗin silinda ta uku ne ya tsinke ya faɗa kan fistan ya farfasa shi. Duk tsohon bakaniken kunkuru ya san ta ukun ce ke fara ƙonewa, musamman a tsofaffin injuna inda na'urar sanyaya baƙin mai ke tare mata iska. Amfanin rashin nauyi da na gani ran nan shi ne babur guda ne ya jawo mu da igiya har gida, mutanen kasuwa suna ta yi mana sannu da dariya. Uwargida kuwa ta kafa doka cewa ɗanta ba zai sake shiga ba, sai da aka shekara ta janye.

Tun daga ranar nake tambayar kaina kafin in kwance kowane noti: wannan abu ado ne ko jin daɗi, ko kuwa yana sanyaya inji, yana tsayar da mota, yana juya ta, yana kare rai? Na farkon ana cirewa, na biyun ba a taɓawa ko da nauyinsa ya kai buhun gero.

Akwai kuma abin da raguwar nauyin ke jawowa wanda ban zata ba. Injin a baya yake, saboda haka gaba ya zama sakayau. Ka taka birki da ƙarfi sai tayun gaba su kulle, motar ta zarce ko ina ka juya sitiyari. Maganinsa shi ne a mayar da batir da tanki da safayar taya can gaba, a kuma kula da iskar taya. Ko kunkuru mai cikakken bodi iskar gabanta ba ta kai awo 20 ba, amma mai faci, bisa sabo, 35 zai ɗura maka ya ce ya kyauta maka. Ka sayi ma'aunin iska naka, ka tsaya a kansa. Bayan motar ma yakan ɗaga sama, tayun su sunkuyo ciki, wanda ke da haɗari a kwana, sai bakanike ya sassauta sandunan sifirin na baya ta zauna. Birki kuwa, ina roƙonku, a gama shi kafin a tayar da inji, domin ranar da injin ya tashi babu mai haƙurin jira. A sa sababbin tiyo, a sa famfon birki mai layi biyu, yadda in ɗaya ya fashe ɗaya zai riƙe, a kuma sake man birki duk shekara biyu.

Sauran kulawar ba ta da yawa. Baƙin mai lita biyu da rabi ne kacal, kuma injin ba shi da matatar kirki sai 'yar rariya, don haka littafinsa ya ce a juye duk kilomita 5,000, ni kuwa da hunturu a 3,000 nake juyewa saboda ƙura. Tazarar bawul milimita 0.15 ce, ana aunawa da safe injin na sanyi, in ta matse bawul ya ƙone. Fanbel guda ne ke juya janareta da fanka, in ka ga jar wuta ta kama kana tafiya, tsaya nan take, kada ka ce bari in ƙarasa gari. Tiyon fetur yana bi ta kusa da wayoyin filogi, shi ne ya cinye kunkuru da yawa da gobara. A ɗaure bakinsa da maɗauri, a sake shi da zarar ya fara tsagewa, a ajiye tukunyar kashe wuta inda hannu zai kai. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 kuwa, masu yi mini dariya sun ragu, domin kwaɗo ba ya shan mai kamar manyan motocinsu.

Yanzu ga roƙona. Jiya na leƙa ɗakin aikin ƙarfe inda Malam ya koyar da mu. Teburan suna nan, amma ban ƙirga magagari biyar masu kaifi ba. A 2019 wani matashi daga jihar Filato, Jerry Mallo, ya baje kolin motar tsere da ya ƙera a Abuja, ƙasa duka ta ɗauka. A cikin yaran da ke bin motata a guje akwai masu tsayawa su leƙa ƙarƙashinta su tambaye ni ina lagireto, kuma wasunsu 'yan makarantar nan ne. Na ga a cikin ajandar yau akwai shawarar a kashe kuɗin bana wajen sake fentin ƙofar shiga. Ban raina fenti ba, amma ina ba da shawarar a raba kuɗin, a sayi injin walda guda, da magagarai da zartunan ƙarfe da tabaran kare ido. Ni kuma na sami wata kunkurun a Zuru, na riga na biya, na ba makaranta kyauta. In shugaban makaranta ya amince, zan riƙa zuwa kowace Asabar mu harhaɗa ta tare da 'yan aji biyar, bisa sharaɗin babu ɗalibin da zai tuƙa ta, kuma ba za a tayar da injin ba sai Malam ya auna kusurwoyin da kansa ya ce sun yi.

Mai girma shugaba, ina roƙon a sanya wannan cikin abubuwan da za a kaɗa wa ƙuri'a bayan sallar Azahar. Wanda yake son zagaye kuma ya same ni a gindin darbejiya, mutum ɗaya-ɗaya, kuma ya riƙe hularsa da hannu.